Yadda ake tsara madogara da manazarta kafin a tura maƙala mujallar ilimi

Maƙala da yawa da ake dawo wa masu su daga mujallun ilimi ba binciken ne ya lalace ba, shafi biyun ƙarshe ne ke tona asiri. Mai duba aiki in ya gaji baya yake fara buɗewa, in yaga Bandura a cikin rubutu 1977 amma a jerin baya 1997, ko yaga wani suna ya fito har sau huɗu a ciki amma babu shi sam a manazarta, toh daga nan ya fara zargin komai har da alƙaluman da ka sha rana ka tattaro a makarantu. Wannan bayanin na ɗan masta ne da mai PhD da malamin kwalejin ilimi mai neman ƙarin girma. In nace madogara ina nufin sunan da shekarar da kake sawa a cikin rubutu, in nace manazarta jerin nan na ƙarshe nake nufi.

Mataki na farko: nemo ƙa'idar mujallar

Kafin ka taɓa waƙafi ɗaya ka nemo takardar ƙa'idojin marubuta ta mujallar da zaka tura wa, yawanci tana shafinsu na intanet ko a bayan bangon fitowar da ta gabata ko a jikin sanarwar neman maƙala da ake yawo da ita a guruf na WhatsApp. Mafi yawan mujallun ilimi a Najeriya tsarin APA suke bi, wato na ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka, amma APA ɗin ma bugu-bugu ne. Bugu na shida ya fito 2009, na bakwai ya fito ƙarshen 2019, kuma har yanzu akwai mujallun da ke kan na shida, akwai kuma waɗanda suka rubuta na bakwai a sanarwa amma in ka buɗe mujallar kaga na shida suke bugawa. Shi yasa nake cewa ka sauke maƙala biyu ko uku daga fitowarsu ta baya-bayan nan ka ajiye kusa. In ƙa'idar mujalla ta saɓa da littafin APA, ta mujallar zaka bi, su ne masu bugawa. Ni dai bayanina kan bugu na bakwai yake, inda ya bambanta da na shida zan faɗa.

Ka kuma duba abin da suka nema a ƙarshe. A APA abin da ka ambata a cikin rubutu kaɗai ke shiga jeri, littafin da ka karanta ya burge ka amma baka kawo shi ba babu ruwansa da wurin. Masu cika shafi da littattafai don a ce sun yi karatu, wannan aikin a banza yake, mai dubawa zai sa ka cire su ne.

Mataki na biyu: tattara bayani tun kana karatu

Duk abin da ka karanta kasan zaka yi amfani da shi, a take ka rubuta abu huɗu: wa ya rubuta, yaushe, menene sunan aikin, a ina aka buga. Duk tsarin APA a kan tambayoyin nan huɗu yake zaune, kuma a wannan jerin suke zuwa. In littafi ne a laburare ɗauki hoton bango da shafin da ke bayan shafin take da wayarka, nan ne shekara da maɗaba'a da lambar bugu suke. In fotokwafi zakayi ka haɗa da wannan shafin, saboda an sha ganin mutum riƙe da babi guda mai kyau amma bai san daga wane littafi aka ciro shi ba. In maƙalar mujalla ce kana buƙatar juzu'i, lambar fitowa, shafin farko da na ƙarshe, da DOI in akwai, wato lambar shaida ta dindindin da ake ba maƙala a intanet. In ka kwafo maganar mutum kalma da kalma rubuta lambar shafin a gefe nan take, nemo ta bayan wata shida wahala ce.

A nan ne babbar matsalar take, kuma zan ɗan daɗe a kai. Mutane da yawa basu taɓa ganin abin da suke ambata ba. An ɗauko furojet ɗin wani na shekarun baya, an kwashe babi na biyu da manazartarsa, shi ma wancan daga wani ya kwasa, haka kuskure ɗaya zai yi ta yawo daga kundi zuwa kundi kamar tsohuwar naira ashirin a hannun 'yan kasuwa, kowa ya karɓa ya miƙa gaba ba mai dubawa. Misali teburin nan na ƙayyade yawan samfur da kusan kowane ɗalibin ilimi ke ambata, na Krejcie da Morgan 1970, je ka duba yadda ake rubuta sunan Krejcie a kundaye, zaka ga iri-iri, alhali maƙalar shafi huɗu ce kacal kuma tana samuwa. Yanzu kuma ga ChatGPT da ire-irensa sun shigo, zasu iya haɗa maka manazarta mai kyan gani, suna da shekara da juzu'i har da DOI, amma maƙalar babu ita a duniya. Dokar mai sauƙi ce, abin da idonka bai gani ba kar ya shiga jerinka.

Mataki na uku: sunaye, musamman namu

APA sunan ƙarshe yake so a gaba, sai waƙafi, sai harufan farko na sauran sunayen kowanne da aya da tazara a tsakani. Aliu Babatunde Fafunwa zai koma Fafunwa, A. B. Duk wani muƙami ana zubar da shi, ba Farfesa, ba Dakta, ba Alhaji, ba Malam, ba Hajiya, ba sarauta, komai girman mutum. Nasan wasu na jin nauyin rubuta sunan sufabaizansu haka tsirara, amma ba rashin ladabi bane, tsarin ne haka.

Mu a Arewa sunanmu bai zauna kan tsarin sunan iyali irin na Turawa ba, wani sunan mahaifi ne a ƙarshe, wani sunan kaka, wani sunan gari ko unguwa kamar Gusau ko Zariya ko Yakasai. Abin yi shi ne ka bi yadda marubucin ya jera sunansa a jikin aikin da ke hannunka, na ƙarshen shi zaka ɗauka. Ibrahim Yaro Yahaya zai zama Yahaya, I. Y., Sa'idu Muhammad Gusau zai zama Gusau, S. M. Kar ka gyara wa mutum rubutun sunansa, in ya rubuta Mohammed kar ka mayar Muhammad don kai haka kake so, in ya sa ƙugiya a Ɗ ko Ƙ ka sa, in bai sa ba ka bari. Haka na Turawa, Dylan Wiliam na maƙalar Black da Wiliam 1998 harafin l ɗaya ne a sunansa, kwamfuta zata ja masa jan layi, ƙyale ta.

Wani abu da ke yawan faruwa da mu, marubuta biyu daban masu sunan ƙarshe ɗaya, Abubakar biyu ko Ibrahim uku a maƙala guda. A nan APA yace ka saka harufan farko a cikin rubutun ma ko da shekarun sun bambanta, wato A. Ibrahim da S. Ibrahim, don mai karatu ya san wanne ake nufi. Kai ma mai rubutu ka zaɓi siga ɗaya ta sunanka ka tsaya a kai, in yau ka buga da sunan mahaifi gobe da sunan gari, Google Scholar, shafin neman maƙalun ilimi, zai raba ka mutum biyu kuma ranar neman ƙarin girma zaka sha bayani.

Mataki na huɗu: madogara a cikin rubutu

Hanya biyu ce. Ko sunan ya shiga cikin jimlarka shekara kaɗai ke cikin baka, kamar Fafunwa (1974) ya nuna kaza, ko ka gama maganarka ka sa duka a baka kafin aya, kamar (Fafunwa, 1974). Ayar tana zuwa bayan baka, ba kafinta ba, wannan kuskuren ya yi yawa.

Marubuta biyu kullum ana ambatar su duka. A cikin jimla ka haɗa su da and in da Turanci kake rubutu, ko da in da Hausa ne, a cikin baka kuma alamar & ake sawa: (Krejcie & Morgan, 1970). Marubuta uku zuwa sama, a bugu na bakwai tun ambaton farko sunan na farko kawai zaka sa sai et al., wato da sauransu, misali maƙalar Wood da Bruner da Ross zata zama (Wood et al., 1976). Lura, et ba ta da aya, al. ce ke da aya. A bugu na shida kuwa in marubuta uku ne zuwa biyar sai ka jero su duka a karon farko sannan ka taƙaita daga baya, toh in mujallar na kan na shida ka koma haka.

In aiki da yawa ne ke goyon bayan magana ɗaya ka sa su a baka guda, a jere bisa harafi ba bisa shekara ba, da waƙafi mai ruwa a tsakani: (Bandura, 1977; Shulman, 1986; Vygotsky, 1978). Amma dan Allah kar ka jibga suna bakwai a kan maganar da kowa ya sani, irin ilimi shi ne ginshiƙin cigaba, biyu masu ƙarfi sun fi bakwai na ado.

In mutum ɗaya ya fitar da aiki biyu a shekara guda kuma duka ka ambata, sai a sa a da b a jikin shekarar. Lee Shulman misali ne na gaske, a 1986 yana da babi mai farawa da Paradigms and research programs, yana kuma da maƙalar Those who understand. Taken ake dubawa a jera bisa harafi, P ta riga T, saboda haka babin ne 1986a maƙalar kuma 1986b, kuma harafin nan dole ya bayyana a ciki da kuma a manazarta. In aiki bashi da shekara ko kaɗan n.d. ake sawa a wurin shekarar, in an karɓi maƙala ba a kai ga bugawa ba a rubuta in press.

Kwafo magana kalma da kalma tana buƙatar alamar zancen wani da lambar shafi, p. in shafi ɗaya ne, pp. in ya haura, bayan shekara da waƙafi. In maganar ta kai kalma 40 ko fiye sai a cire ta daga sakin layi a ba ta nata wuri, a tura ta ciki rabin inci daga hagu, ba alamar zance, kuma a nan kaɗai ayar ke riga baka. Shafin intanet marar lamba sai ka ƙirga sakin layi ka sa para. da lambarsa. In da kalmominka ka faɗi ra'ayin mutum lambar shafi ba dole bace amma sunansa da shekara dole ne, canza kalma biyu-uku a jimlar mutum kuma bai mayar da ita taka ba, manhajar gano satar rubutu ta Turnitin zata kama, in bata kama ba mai dubawa da ya san fannin zai gane.

Sai maganar ambato ta hannun wani. Ka karanta littafin wani yace Piaget yace kaza, kai baka ga na Piaget ba. Gaskiyar ita ce ka rubuta sunan Piaget, sai as cited in, sai sunan wanda ka karanta da shekararsa, kuma a manazarta wanda ka karanta kaɗai zai fito. An yarda da wannan amma kaɗan-kaɗan, in maƙalarka ta cika da as cited in goma sha, mai dubawa zai ce baka yi karatu ba, kuma yana da gaskiya.

Mataki na biyar: gina manazarta

Sabon shafi, kalmar References a tsakiya da baƙin rubutu mai kauri, in da Hausa mujallar ke bugawa Manazarta. Ba lamba ɗaya biyu uku, ba ɗige-ɗige a gefe, kuma ba a raba littattafai daban mujallu daban sai in mujallar ce ta nema.

Littafi ga yadda yake:

Fafunwa, A. B. (1974). History of education in Nigeria. George Allen & Unwin.

Sunan littafin ne ke tafiyar tsutsa, wato italik. Ka lura harafin farko kaɗai ne babba sai sunan yanka irin Nigeria, da kalmar farko bayan ruwa biyu in akwai ƙaramin take. Ka kuma lura babu London, bugu na bakwai ya cire garin da aka buga, a na shida ne ake sa gari sai ruwa biyu sai maɗaba'a. In bugu na biyu ne ko sama ka sa 2nd ed. ko 3rd ed. a baka daf da take, ba italik, bugu na farko ba a faɗa.

Maƙalar mujalla:

Bandura, A. (1977). Self-efficacy: Toward a unifying theory of behavioral change. Psychological Review, 84(2), 191–215. https://doi.org/10.1037/0033-295X.84.2.191

A nan abin ya juya, taken maƙala ba italik kuma da ƙananan harufa, sunan mujallar ne italik kuma kowace babbar kalma da babban harafi. Lambar juzu'i 84 ita ma italik ce, amma lambar fitowa da ke baka ba italik ba, kuma ba tazara tsakaninsu. Ba a rubuta Vol. ko No. ko pp. a maƙalar mujalla, wannan ragowar tsohon tsari ne da mutane suka saba da shi. DOI kuma cikakken adireshi ake sawa mai farawa da https://doi.org/ kuma ba aya a ƙarshensa, in ka sa aya zata iya lalata mahaɗin. In baka ga DOI a jikin maƙala ba ka saka takenta a shafin binciken Crossref, masu rajistar DOI, in akwai zai fito. Mujallunmu na gida da yawa basu da shi, in ka samo ta a shafin mujallar ko a AJOL, rumbun mujallun Afirka na intanet, sai ka sa adireshin shafin, in bugun takarda ne a hannunka ka tsaya a lambar shafi shikenan. Kalmar Retrieved from ma an daina, sai ga shafin da abin cikinsa ke canzawa kullum.

Yawan marubuta a manazarta: har mutum 20 ana jero su duka, da waƙafi da & kafin na ƙarshe, ko da su biyu ne waƙafin nan kafin & yana nan. In sun kai 21 ka rubuta 19 na farko, ɗigo uku, sai na ƙarshe. Et al. ba ta shiga manazarta.

Babi a littafin da aka tace shi ne ya fi rikita mutane. Mai babin ne ke gaba ba editan ba. Sai shekara, sai taken babi ba italik, sai kalmar In, sai sunan edita amma wannan karon harufan ne ke gaba, kamar M. C. Wittrock wanda ya tace littafin da babin Shulman ke ciki, sai Ed. a baka ko Eds. in suna da yawa, waƙafi, sunan littafi da italik, sai lambar bugu da shafukan babin da pp. duk a baka guda, aya, sai maɗaba'a. Littattafan karramawa da ake yi wa farfesoshi in zasu yi ritaya duk wannan tsarin suke bi.

Mataki na shida: abubuwan da muka fi ambata a nan gida

Manufar ilimi ta ƙasa kusan ba maƙalar da bata ambace ta ba. Marubucinta Federal Republic of Nigeria ne, maɗaba'a NERDC, hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa. An fara fitar da ita 1977, bugu na huɗu 2004, na shida 2013, kuma zaka ga wasu na sa 2014, kai dai ka sa shekarar da ke jikin kwafin da ka riƙe kuma ka tabbata lambar bugun ta dace da shekarar, kar ka rubuta bugu na huɗu 2013. Abin da ya fi muni shi ne a 2020 da wani abu mutum na kafa hujja da bugun 2004 kamar shi ne ke aiki.

Hukumomi irin UBEC, TRCN, NCCE, WAEC, UNESCO, a ambaton farko ka rubuta cikakken suna tare da gajeren, daga nan ka cigaba da gajeren. A manazarta cikakken suna ake sawa. In hukumar ce ta rubuta kuma ita ta buga, kar ka maimaita sunanta a wurin maɗaba'a. Rahoton manyan masu jarrabawa na WAEC ka faɗi na wace shekara da wane darasi, kar kace kawai WAEC tace ɗalibai na faɗuwa lissafi.

Kundin digiri da ba a buga ba: suna, shekara, take da italik, sai baka mai kusurwa a rubuta Unpublished master's thesis ko Unpublished doctoral dissertation a ciki, aya, sai sunan jami'a. Maƙalar taron ƙara wa juna sani tana son cikakken kwanan wata na taron, take da italik, Paper presentation a baka mai kusurwa, sunan taron da garin da akayi. Jarida irin Daily Trust ko Aminiya shekara da wata da rana, sunan jaridar italik. Handawut ɗin lakca kuwa shawarata ka nemi asalin littafin da malamin ya ɗauko, mujalla mai daraja bata son ganinsa.

Aikin da aka rubuta da Hausa ko Larabci a maƙalar Turanci, ka bar taken da harshensa sannan ka sa fassarar Turanci a baka mai kusurwa a bayansa, Larabci kuma a mayar da shi harufan boko. Littafin Yahaya na 1988, Hausa a rubuce, haka zaka bar sunansa ka ƙara fassara. Alƙur'ani a bugu na bakwai yana shiga manazarta kamar littafi, take ne a gaba, sai mai fassara, sai shekarar bugun da ka yi amfani da shi, a cikin rubutu kuma sura da aya ake bayarwa ba shafi ba, kamar 96:1–5. Masu rubutu kan ilimin addinin Musulunci su duba mujallarsu da kyau a nan, wasu suna da nasu tsarin na hadisi.

Hirar da kayi da wani dattijo ko shugaban makaranta don neman bayani, a cikin rubutu kawai ake ambatarta da harufan sunansa da personal communication da kwanan wata, bata shiga manazarta tunda mai karatu ba zai iya nemo ta ba. Amma malamai ko ɗaliban da ka yi wa tambayoyi a matsayin mahalarta bincikenka ba wannan bane, su bayanan bincike ne, kuma sunansu na gaskiya ma bai kamata ya fito ba.

Mataki na bakwai: jerawa da gyara a Word

Jeri bisa harafin sunan ƙarshe. Mutum ɗaya mai aiki da yawa tsohon ne a sama, marar shekara ya riga su duka, aikin da yayi shi kaɗai kuma ya riga wanda yayi da wasu. Ka haskaka duk jerin ka danna maɓallin A zuwa Z da ke Home, amma ka bi da ido bayan nan musamman sunaye masu ƙugiya da masu farawa da 'Y, kwamfuta na iya jefa su inda ba nan ba. Kowace shigarwa layin farko a bakin gefe, sauran layukan su shige ciki rabin inci, santimita 1.27 kenan. Kar kayi da sifes ko tab, haskaka ka danna Ctrl da T, ya gama. Masu bugawa da sifes, da edita ya canza girman rubutu komai zai watse. Tazarar layi biyu-biyu APA ke so amma mujallu da yawa na cewa ɗaya da rabi ko ɗaya, bi nasu.

Akwai manhajojin tsara manazarta, Zotero kyauta ne kuma yana aiki ko ba data in ka riga ka sauke, Mendeley ma na nan, duk suna haɗuwa da Word su jera maka. Na cikin Word ɗin kansa ka duba da kyau, a kwamfutoci da yawa bugu na shida ne a ciki. Alamar ambato ta Google Scholar tana taimakawa amma bata kawo DOI, wani lokacin ta rasa lambar fitowa ko shafi, kuma sunayenmu tana yawan juya su ta ɗauki sunan yanka a matsayin na ƙarshe. Duk abin da manhaja ta baka ka gwada shi da shafin farko na maƙalar. In da Zotero ko Mendeley kayi, ka ajiye kwafi guda sannan ka cire mahaɗan manhajar a kwafin da zaka tura, don kar ya rikice a kwamfutar edita.

Mataki na takwas: gwada ciki da baya

Wannan awa ɗaya zai ci maka ko biyu. Fitar da manazartar a takarda, ɗauki biro, fara karanta maƙalar daga sama, duk madogarar da ka tarar ka nemo ta a takardar ka duba rubutun suna harafi da harafi da shekara sannan ka yi mata maki. Wadda baka samu ba ka rubuta ta gefe. Ka haɗa da ƙasan tebur da zane, nan ma ana ambato kuma an fi mantawa da su. Da ka kai ƙarshe duk shigarwar da bata da maki cire ta zakayi, duk wadda ke gefe kuma ka nemo cikakken bayaninta ko ka cire maganar daga rubutun. Ctrl da F na taimakawa, ka buga 19 sannan 20 zai bi da kai kan shekarun ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ka danna kowane DOI da kowane adireshi ka ga ya buɗe kuma abin da ya buɗe shi ne abin da ka rubuta.

In masu dubawa sun dawo da gyara ka cire sakin layi ko ka ƙara wani, sai ka sake wannan gwajin daga farko kafin ka mayar, domin a zagaye na biyu ne ake barin sunan da maganarsa ta riga ta fita, ko 1986b ya zauna shi kaɗai bayan an goge 1986a, in haka ta faru sai ka cire harafin ya koma 1986 kawai a ciki da baya.